Kunun Charity

Shekara ashirin da biyu Baba Matthew ya yi yana aikin dare a masaƙa a unguwar Kakuri. Masaƙar ta mutu, injuna suka yi tsatsa, amma jikinsa bai samu labari ba. Da magariba sai ya haɗa shayi baƙi ƙirin, ya ɓare goro, ya kunna rediyo, idonsa biyu har asuba. Da rana kuma sai gyangyaɗi a kujera. Wata Lahadi jiri ya kwashe shi ana tsakiyar waƙa a coci. Daga asibiti ɗansa Ezekiel ya wuce da shi gidansa a Narayi.

A nan ya fara lura da take-taken surukarsa, Charity.

Kwana biyu da zuwansa gwangwanin ganyen shayi ya yi ɓatan dabo. Goron da ke aljihunsa ya bi wanki bai dawo ba. Tun ƙarfe shida da rabi take ƙwanƙwasa masa ƙofa, wai ya raka ta sayen ƙosai, sai ka ce ba ta san hanya ba. In ya fara gyangyaɗi da la'asar, ta dire masa tiren wake ya tsince mata. Sau biyu yana iske ta da Ezekiel suna ƙus-ƙus a kicin, da ya shigo su yi gum.

Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne kunun acha. Kullum da yamma takan kawo masa kofi ɗaya, ta tsaya a kansa har ya shanye. Kafin ƙarfe tara ido ya yi nauyi. Mutumin da ya manta yadda ake barcin dare, shi ne yanzu sai an tashe shi? Ruwa ba ya tsami banza.

Wata rana ya faki idonta ya zuba wa kajin maƙwabta kunun, ya zauna yana kallonsu. Suka shanye, suka ci gaba da tono. Bai gamsu ba, kaza ai ba mutum ba ce.

Ranar Laraba ya ɗura kunun jiya da ya ɓoye a gora, ya ce zai je aski. Ya hau keke zuwa Kakuri, shagon Malam Dalhatu tela, tsohon abokin aikinsa a masaƙa.

"Yarinyar nan akwai abin da take zuba mini," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "So suke in zama lusari su mai da ni ƙauye."

Dalhatu ya buɗe gorar ya sansana. Kafin Baba Matthew ya kama hannunsa ya kurɓi rabi.

"Ya ɗan yi tsami, kuma ba sukari. In da laifi, rowa ce."

Suna cikin gardama Hauwa, 'yar Dalhatu, ma'aikaciyar jinya, ta biyo daga wurin aiki. Ta saurari labarin duka, ta auna masa jini, ta duba katin asibitin da ya zaro daga aljihu.

"Hawan jinin ya sauka sosai, Baba. Ciwon kan da aka rubuta a katin fa?"

Baba Matthew ya ƙirga kwanaki. Rabonsa da ciwon kan safe ya kai mako biyu, bai ma lura ba.

"Wanda ya raba ka da goro da shayin dare, ya hana ka barcin rana, yake tashinka lokaci ɗaya kullum, ba sai ya zuba komai a kunu ba," in ji Hauwa.

Ya iske Charity tsaye a bakin get, waya a hannu. Ta dubi kansa, gashi na nan yadda ya fita da shi.

"Baba, sannu da aski."

"Me kike zuba mini a kunu?"

Ta sauke kai. "Citta da madara, Baba. Likita ya ce in ba a gyara maka barci ba, shanyewar ɓarin jiki na nan tafe. Ezekiel ya ce in mun faɗa maka, gardama za ka yi."

"Da na yi kuwa."

Ya wuce ta, ya tsaya a bakin ƙofa. "Daga yau a gabana za ki dama."

Da yamma ya ja kujera ya zauna a kicin, ya ɗora haɓa a kan sandarsa, idonsa bai bar hannunta ba tun daga wanke acha har ta sauke tukunya. Ya sa ta fara kurɓa. Sannan ya karɓi kofin, ya ɗanɗana, ya ce gobe ta ƙara citta.