Busasshen Furen Alamelu

Shekara arba'in da ɗaya Alamelu tana naci kafin mijinta Kandasami ya yarda ya raka ta haikalin da ta taɓa zuwa roƙon aure. Shi ma ba saukowa ya yi ba, ritaya ce ta cinye masa uzuri.

Al'adar wurin ba wuya. Mai neman aure ya rataya wa abin bautar sarƙar fure, malamin haikali ya miƙo masa ita ya tafi da ita gida. In aure ya ɗauru, sai a dawo da ita tare da abokin zama. Alamelu ta je tana budurwa, bayan wata uku aka sha bikinta, sai ta faɗa hannun malamin lissafi mai cewa duk wannan shirme ne. Yanzu gwiwa ta fara gardama, tana tsoron mutuwa da alkawari a wuya.

Bas ta zube su a bakin gonakin shinkafa, wata mai kiwon awaki ta nuna musu hanya. Haikalin yana nan yadda ta bar shi, ƙarami, ba kowa sai malamin haikalin da tattabaru. Giwayen dutse sun yi layi a gindin bango, babu biyu masu kama da juna, ginshiƙan kuma sumul kamar an shafe su da mai. Daɗi ya kama ta har ta manta da gwiwar. Kandasami kuwa sai ƙirga giwaye yake yi, wai ya fi amfani.

A gaban malamin haikalin ta kwance tsumman da ta ƙunshe sarƙar furen a ciki. Furen ya zama gari, zare kaɗai ya rage. Malamin ya ce ba komai, zaren ma ya isa.

Sai Kandasami ya yi gyaran murya, ya zaro wani ɗan gwangwani daga aljihu ya buɗe. Zare ne a ciki, da garin fure.

"Uwata ce ta tilasta ni na zo nan kafin aurenmu," in ji shi, yana kallon rufi.

Alamelu ta riƙe haɓa. "Maigida, kai da kake cewa shirme ne? To me ya hana ka dawo da shi tuntuni?"

"Ke ma dai. In na mayar musu da nasu, wa ya sani ko su karɓe abin da suka ba ni?"

Ta yi dariya har da hawaye, ta kama hannunsa a gaban malamin ba kunya, suka miƙa zaren biyu tare.