Cokalin da Ban Shiga da Shi Ba

Shekara goma sha tara mijina ya yi a tashar awon maganaɗisun ƙasa. Wani ƙaramin ɗaki ne a bayan ofis, ko ƙusa babu a jikinsa. A ciki akwai na'ura mai allura tana zana layi a takarda. Ya ce mini rana tana huro wata iska, in ta yi ƙarfi sai ta girgiza maganaɗisun da ya lulluɓe duniya, allurar ta yi ta rawa. Ƙarfe ma yana motsa ta, shi ya sa ko makulli ba a shiga da shi. Ni mai kai masa abincin rana, kwanon roba da cokalin katako nake ɗauka. Ko 'yan kunne a gida nake barinsu.

Wata Talata da safe allurar ta haukace. Mijina ya rubuta gargaɗi a sanar da masu wutar lantarki. Shugaban tashar ya ƙi aikawa, ya rubuta a littafin aiki wai ni ce na shiga da cokalin ƙarfe. Da yamma taransifoma biyu suka ƙone. Aka ce sakacin mijina ne ya ɓata awon, aka dakatar da shi. Bai cika wata biyu ba hawan jini ya tafi da shi.

Da na samu ƙarfin fita, ofishin na nufa.

"Baiwar Allah, ya haƙuri?" in ji shugaban.

"Riƙe gaisuwarka. Soke abin da ka rubuta."

"Ke da ko firamare ba ki gama ba, me kika sani game da maganaɗisu?"

"Na san cokali."

Na zaro na ƙarfe daga jakata, na shige ɗakin na'urar, ma'aikata suna biye da ni. Allurar ta zabura sau ɗaya. Ina fitowa ta koma layinta. Tsohon abokin aikin mijina ya ɗauko takardar Talatar ya shimfiɗa a gefe. Awa shida allurar tana rawa, sama da ƙasa. Na juya ga shugaban.

"Awa shida na tsaya masa a kai da cokali? Kai kuma kana ina, barci?"

Ya dubi ma'aikatansa, babu wanda ya sunkuyar da kai. Sai ya ja biro ya soke abin da ya rubuta a littafin. Na ce ya sa hannu da kwanan wata, ya sa.

Cokalin a kan teburinsa na bar shi. Ba zan ƙara cin abinci da shi ba.