Inda Aka Kai Jalil

Malam Abdul-Kadiri bai taɓa hawa jirgin sama ba sai da ya taso daga Yendi neman gawar ɗansa. Jalil ya je Thailand buga ƙwallo, kulob ya sallame shi, ya koma dako a bakin kogi a Ayutthaya. Can zazzaɓi ya kashe shi, ba wata takardar shaida a jikinsa. Da ƙyar labarin ya iso gida.

Mutawakil, ɗan Bawku mai saro tufafi a Bangkok, shi ya yi wa Malam jagora. A asibiti aka tura su wani tsohon haikalin Buda da ke gaɓar kogi. Suka shiga kwalekwale suka haye.

Bulon hasumiyar ya yi baƙi don tsufa, saiwar itatuwa ta ratsa katanga. Baƙi na ta ɗaukar hoto. Malam ya tuɓe takalmi kamar kowa, ya sunkuyar da kai don kada ya dubi gumakan.

Wani tsoho mai askakken kai, sanye da mayafi ruwan goro, ya karɓi hoton Jalil ya daɗe yana kallo. Ya yi magana a hankali da yarensu. Malam ya juya ga Mutawakil.

"Me ya ce?"

"Baba, ya ce ya san shi. Yakan kwana a rumfar can in ana ruwa, suna ba shi shinkafa."

"To, ina suka binne shi?"

Mutawakil ya share gumi. "Ba wanda ya zo nemansa, Baba. Sai suka yi masa yadda suke wa nasu. Sun ƙona shi, suka zuba tokar a kogi. Ya ce shi da kansa ya yi masa addu'a."

Malam ya nemi wanda zai yi wa fushi, sai ga tsoho ya haɗa tafuka yana ba shi haƙuri da ido.

Malam ya gangara matakala har ruwa ya taɓa ƙafarsa. Ruwan ja ne, yana tafe da ganyaye. Ya tambayi alƙibla, Mutawakil ya duba waya ya nuna masa. Su biyu suka yi sallar gawa, ba gawa a gabansu.

Suna sallamewa wayar ta yi ƙara.

"Hajiya Amamatu ce, Baba. Me zan ce mata?"

Malam ya karɓa, ya riƙe a hannu yana kallon sunan matarsa har wayar ta katse. Ta sake kira.