Rabin da Ya Rage

Kafin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ita, Inna mace ce da ko rediyo sai ya saurara mata. In ta buɗe baki a hawa na uku, mai shagon ƙasa ma sai ya san abin da ake ciki. Yanzu kuwa ɓarin dama ya tafi da harshen. Sai ta jawo kalma biyu ko uku da ƙyar, ta tsaya ta huta.

A wannan hutun 'ya'yanta suke cutarta, kuma da sunan ƙauna. Ta ce, "Shayi ya huce," Auta ta yi wuf ta zubar, alhali da sanyinsa take sonsa. Ranar da ta ce, "Matakala da wuya," babban ɗanta ya ɗauka ya ƙarasa mata. Kafin ta ankara ya gyara mata ɗaki a gidansa, can wani gari, ya yanke ranar tashi. Abin ya ci mata rai. A gidan nan ta haife su, kuma ga kujerar marigayi mijinta a bakin taga.

Likitar da ke koya mata magana ce ta gano bakin zaren. Ta ce, "Inna, guntu-guntu kike ba su, kowa ya tsinta sai ya liƙa nasa. Mu koyi ɗinke biyu wuri ɗaya. Ki ce: rana ta fito, amma ɗaki da sanyi."

Inna ta harare ta. Ita da ta aurar da 'ya'ya za a mayar aji ɗaya? Amma da likita ta tafi, ta juya ga tukwanen furanninta ta yi ta maimaitawa. Su dai ba sa katse mutum.

Ranar Asabar 'ya'yan suka iso da kwalaye. Babba ya fara naɗe kofuna a tsohuwar jarida, Auta ta zauna a gefen uwarta tana gyara mata ɗankwali.

"Ƙafata ta mutu," in ji Inna.

"Shi ya sa, Inna, muke so ki..."

Inna ta ɗaga hannu ta toshe bakin Auta, kamar yadda take yi mata tana ƙarama in ta tsoma baki cikin zancen manya. Hannun hagu ne, amma shi ke akwai.

Babba ya ce, "Haba Inna, ai ke da bakinki kika ce..." Kallon da ta watsa masa ya sa ya haɗiye sauran.

Gumi ya tsattsafo mata. Kalmar ta maƙale, ta ƙi fita, ita ma ta ƙi saki.

"Rabin jikina... ya tafi," ta ce, "amma... rabin da ya rage... nawa ne... kuma a nan zai zauna."

Ta ji hawayen Auta suna gangarowa kan yatsunta, ta tausaya mata, amma ba ta janye hannun ba.

Babba ya sassauta murya. "In kika faɗi fa, ba kowa?"

"In na faɗi... ku zo ku ɗaga ni... ko in tashi da kaina."

Ya daɗe yana kallonta. Rabonsa da jin magana mai tsawo haka daga bakinta tun kafin asibiti. Ya sunkuya, ya warware jaridar, ya mayar da kofin kan teburi.

Sai a nan Inna ta saki bakin 'yarta.

"Shayi," ta ce.

Auta ta miƙe zumbur, ta ɗauki kofin, har ta kai ƙofar kicin. Sai ta ja birki, ta juyo, ta tsaya tana jiran sauran maganar.