Tayin Kawu Sabo

Malam Sabo ya zagaya motar sau uku, hannuwansa a baya, kamar yadda yake zagaya bijimi a kara ranar kasuwar Gwaram. A zagaye na huɗu ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya daɗe yana kallo, ko da yake bai san abin da ake dubawa a ƙarƙashin mota ba. Ya miƙe, ya kaɗe gwiwar wandonsa, ya taɓe baki.

Ja ce jawur, ƙofa biyu, kujera biyu, tsayinta bai kai masa ƙirji ba. Rufinta na baƙin tamfol ne da ake naɗewa baya, kuma ko ledar kujerun ba a cire ba. Mai ita, Ɗanbala, wani dillalin motoci daga Kano, ya ajiye ta a ƙarƙashin darbejiya a gefen gidan mai na bakin titin Birnin Kudu, yana zaune a kan benci yana goge tabarau.

Wanda zai saya kuwa Mika'ilu ne, ɗan yayar Malam Sabo, malamin gona a nan Birnin Kudu. Shekarar kuɗin Udoji ce, ma'aikata sun sami ƙarin albashi a dunƙule, kowa na sayen babur da rediyo da agogo. Mika'ilu ya haɗa nasa da ajiyar shekara shida, ya sayar da babur ɗinsa, abin ya kai naira dubu huɗu da ɗari uku. Ya san bai iya ciniki ba, don haka ya aika Gwaram a ce kawunsa ya zo, tunda shekara talatin ke nan Malam Sabo na dillancin shanu.

Abin da Mika'ilu bai sani ba shi ne, da safiyar ranar, kafin Malam Sabo ya tafi tasha, mahaifiyarsa Barira ta tsare ƙanen nata a tsakar gida tana matsar man gyaɗa. Ta ce ita ba ta hana yaro sayen mota ba, amma ya sayi a-kori-kura wadda za ta ɗauko buhun gero daga Basirka ta kawo wani abu gida. An faɗa mata wannan ko akuya ba ta ɗauka. Ta ce in ta yi masa magana da kanta zai bari, amma zai bari ne da ɓacin rai, ita kuma ba ta son haka.

"Ka je ka ɓata cinikin nan, Sabo," in ji ta. "Ka yi wa mutumin tayin da zai ji haushi ya kore ku. Ka iya ƙulla ciniki, ai ka iya warware shi."

Malam Sabo bai taɓa yi wa yayarsa musu ba. Ita ta goya shi. A hanya ya zauna a gaba kusa da direban bas, Ƙasimu, ya kwatanta masa motar, ya tambaye shi kuɗinta. Ƙasimu ya ce irin wannan sabuwa, ko ubanka ke sayarwa ba za ka same ta ƙasa da dubu biyar ba. Malam Sabo ya riƙe wannan a ransa. Aikin ba shi da wuya ke nan.

Da ya gama duba motar, Malam Sabo ya zo ya zauna a ƙarshen bencin, aka gaisa, aka yi maganar zafin bazara da tsadar goro. Sai can ya tambayi kuɗi. Ɗanbala ya ce dubu biyar da ɗari takwas, kuma don ya ga dattijo ne.

Malam Sabo ya yi kamar bai ji ba. Sannan ya fara lissafo aibinta a hankali. Mutum biyu kawai take ɗauka. Cikinta kusan yana jan ƙasa, hanyar Gwaram kuwa ba kwalta. In damina ta sauka, rufin tsumma ne. Ga ja, duk inda mutum ya tsaya sai an san ya tsaya. Da ya gama ya ce ya saya dubu uku.

Mika'ilu ya sunkuyar da kai. Malam Sabo ya jira a kore su.

Ɗanbala ya yi dariya har da buga cinya. "Albarka, Baba," ya ce. Ya ciro makulli daga aljihu ya miƙa wa Mika'ilu. "Ɗauki kawunka ku zaga tukuna. In ya dawo ma yi magana."

Shigar ma sai da dabara. Malam Sabo ya tattara rigarsa, ya sa ƙafa ɗaya, ya sauke kansa cikin kujera har ya ji kamar a kan tabarma yake zaune. Mika'ilu, wanda ya saba tuƙa motar ofis, ya naɗe rufin, ya tayar da inji. Ƙarar ba irin ta bas ba ce, wani gurnani ne mai kauri da mutum ke ji a bayansa.

Suka bi kwalta suka fita gari. Da farko Malam Sabo ya riƙe ƙofa da hannu ɗaya, hula da ɗaya. Da suka wuce gidajen ƙarshe Mika'ilu ya canja giya ya taka, motar ta zabura. Iska ta cika masa riga. Manyan duwatsun nan na bayan gari, da ya saba gani suna tafiya a hankali ta tagar bas, suka zo suka wuce kafin ya gama kallonsu. Suka cim ma wata babbar mota cike da buhuna, suka wuce ta kamar a tsaye take. Malam Sabo ya cire hular ya danne ta a ƙarƙashin cinya, sai ya ji wani yana dariya, ya duba, ashe shi ne.

Mika'ilu ya tsaya a gindin wata tsamiya don ya juya, amma bai juya nan take ba. Ya shafa sitiyari, ya ce lokacin da yake makaranta a Zariya akwai wani malaminsu mai irinta, kullum da rana yakan tsaya a bakin aji don kawai ya ga fitarta. Ya ce ya san ba ta ɗaukar buhu. Ya yi wa Inna rufin kwano, ya yi wa ƙannensa mata biyu kayan ɗaki, kuma bai yi da-na-sani ba. Amma tun da ya fara aiki bai taɓa sayen abu don yana so kawai ba.

"In ba ta yiwu ba, Kawu, ba komai," ya ce. "Na dai tuƙa ta."

Malam Sabo ya mayar da hularsa, ya ce su koma.

Da suka dawo mutane sun ɗan taru: mai gidan man, da wasu direbobi da ke jiran a zuba musu mai, biyu daga ciki 'yan Gwaram ne, suka gaishe shi da sunansa. Malam Sabo ya yanke shawara a ransa. Ba zai tashi a kan dubu uku ba, don kada yaron ya gane, kuma kada a ce dillalin Gwaram ya zo ya yi wasan yara. Zai yi ciniki sosai, ya tsaya a dubu huɗu. Tsakanin nan da dubu biyar akwai tazarar da ba mai tsallakewa.

Aka zauna. Ɗanbala ya sauko dubu biyar da ɗari biyar, ya kawo maganar kuɗin jirgin ruwa da na kwastan da wahalar hanyar Legas. Malam Sabo ya saurara da kyau, ya tausaya masa, ya ƙara ɗari biyu. Ya lura busassun ganyen darbejiya sun taru a inda tayoyin motar suke ɗazu, tarin da ba na kwana biyu ba ne. Ya lura duk bas ɗin Kano da ta wuce sai Ɗanbala ya bi ta da ido. Bai yi niyyar amfani da waɗannan ba, amma ido ya riga ya gani, baki kuma ya saba. Ya tambaya, kamar a cikin hira, ko mutanen Birnin Kudu ba su da kuɗi ne, mota irin wannan ta yi kwana da kwanaki ba mai tayi. Ɗanbala ya gyara zama, ya rage ɗari uku.

Aka kira azahar, suka yi salla a sahu ɗaya. Ɗanbala ya sa aka kawo fura, suka sha a ƙwarya ɗaya, suka gano ashe kakar Ɗanbala 'yar Wurno ce. Aka koma. Malam Sabo ya sa takalmi sau ɗaya zai tafi, aka ce ya zauna, ya zauna. Ya rantse bai taɓa ganin mai tauri irin Ɗanbala ba, Ɗanbala ya ce shi ma bai taɓa ganin mai son ya talauta shi irin Baba ba. Direbobin suka manta da motocinsu. Rabon da Malam Sabo ya ji daɗin ciniki haka, tun shekarar da ya sayar da shanun wani Bafulatani arba'in a yini ɗaya.

Ɗanbala na kan dubu huɗu da ɗari bakwai lokacin da Malam Sabo ya ce dubu huɗu, kuma daga nan ko kwabo. Ɗanbala ya ce albarka. Malam Sabo ya miƙe, ya yi godiya, ya ce Allah ya kawo mai rabo, ya taɓa kafaɗar Mika'ilu. Zuciyarsa wasai. Ya cika umarnin yayarsa, bai zubar da girmansa ba, yaron kuma ya ga an yi iyakar ƙoƙari. Abu ɗaya kawai ya guje wa, kallon fuskar Mika'ilu.

Sun kai bakin kwalta sai ya ji murya a bayansa.

"Baba, dawo. Na sallama."

Malam Sabo ya tsaya cak. Akwai hanyar fita, ya san ta, ya ga wasu suna bi: mutum ya ce bari a je a yi shawara da gida, daga nan ba a ƙara ganinsa. A shekara talatin bai taɓa yi ba, kuma ya sha ƙin sake yi wa mutum dillanci don ya yi haka sau ɗaya. Ga 'yan Gwaram biyu a tsaye da za su riga shi isa gida da labari. Sai ya juya ya dubi Mika'ilu. Mutum ne mai gemu, mai ma'aikata a ƙarƙashinsa, amma ya tsaya baki buɗe, ya kasa ko motsi.

Malam Sabo ya koma, ya miƙa wa Ɗanbala hannu. "Allah ya sanya alheri," ya ce.

Sai da Mika'ilu ya tafi ofis ɗauko kuɗin sannan Ɗanbala ya faɗa masa gaskiya. Wani ɗan kwangila ne ya sa aka kawo motar, har ya ba da kafin alƙalami dubu ɗaya. Da ta iso ya gwada shiga da babbar riga, aka yi da ƙyar kafin a fito da shi, ya ce ya fasa, kuɗin ma ya yafe. Mako uku ke nan tana nan. Masu kuɗin Udoji duk Fijo suke so, shi kuma yana zaune a kan benci abokan sana'arsa na ta ɗebo su daga Legas. A dubu huɗu bai faɗi ba. Malam Sabo ya yi tunanin da ya sani da ya tsaya a dubu uku da ɗari takwas, sai kuma ya tuna ba don ya saya aka aiko shi ba.

Hanyar Gwaram ta ci su awa biyu. Mika'ilu na tafiya a hankali yana kauce wa ramuka, sau biyu Malam Sabo ya fita ya kawar da duwatsu, ya tsaya a gaba yana nuna masa inda zai sa taya. Tsakanin nan yana shirya jawabi. Zai fara da maganar Ƙasimu, ya bi da shaidu, ya ƙare da cewa yaron nan bai taɓa ɓata wa kowa ba.

Suka isa bayan la'asar. Kafin su tsaya rabin unguwa ta biyo su. Barira ta fito da mayafi a kafaɗa, hannunta da sauran maiƙon gyaɗa, mutane suka dare mata. Ba ta dubi ƙanenta ba. Ta dubi motar daga gaba zuwa baya, ta dubi ɗanta da ke zaune a ciki yana ƙoƙarin ɓoye murmushi, ta daɗe a kansa. Ta taɓa ƙofar da yatsa, ya bar tabo, ta sa bakin mayafi ta goge.

"Nawa?"

"Dubu huɗu, Yaya."

"Nawa ya ce da fari?"

"Biyar da ɗari takwas."

Malam Sabo ya gyara murya zai fara, sai ta sunkuya ta leƙa gaban direba, ta nuna wata allura da ta kwanta kusan ƙarshe, ta tambayi Mika'ilu ta mece ce. Ya ce ta mai ce, ya kusa ƙarewa.

Sai a lokacin ta ɗago ta dubi ƙanenta.

"Yanzu Sabo, ka sayi abin dubu huɗu a cikin gidan mai, ka taho ko galan ɗaya ba a yi maka gyara ba?"

Duk jawabin da Malam Sabo ya shirya tun daga Birnin Kudu babu amsar wannan a ciki, kuma gaskiya ta faɗa.

"Matsa," in ji ta, tana tattara zaninta. "Ka tare mini ƙofar motar."