Sarki a Hannun Hagu

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Sau uku ina sayen takarda, sau biyu Goggo tana ƙunshe kifi da ita. Abin da ya yi ta hana ni shi ne in na rubuta dole in faɗi yadda aka yi mini dariya a gaban mutane, ni kuwa ko gaisuwa in mutane sun wuce uku muryata maƙalewa take yi.

Sunana Nasiha. Daga Bibémi aka kawo ni Garuwa wurin ƙanwar babana, Goggo Hafsatu, mai suyar kifi a bakin kasuwa. Ni ke kankare ɓawon kifin, ni ke wanke kwanuka. Shekara huɗu muna haka, sai aka yi wa mijinta canjin aiki zuwa Maruwa, inda aka ba su ɗaki ɗaya tal. Goggo ta faɗa mini ba tare da ta dube ni ba, ta ce ranar Talata ta ƙarshen wata za su tashi, ni kuma in koma gida. Na san abin da ke gida. Gonar albasa ce, da ban ruwa tun asuba, babu wuta balle cajin waya.

Wayar ita ce maganar. Shekara ɗaya da rabi kafin nan na kai ƙaramar wayata wurin Lukmanu mai tura waƙoƙi, ya cika mini memori. Da na dawo sai na tarar da wasu bidiyo goma sha huɗu da ban ce a saka mini ba. Wani Bature ne mai gilashi, a gefensa allo mai gida baƙi da fari, yana magana da yaren da ba Faransanci ba. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ga yadda ƙwayoyin suke tafiya, na ga in ya matsa ɗaya sai ya ja kibiya ya nuna abin da zai biyo baya. Na kalla har na gane tafiyar kowace. Daga baya na ji a rediyo ana kiran wasan eshek.

Na zana allo a bayan kwalin sabulu, na yi ƙwayoyi da marafan kwalba, na sa musu suna. Sarki da sarauniya a bayyane suke, doki ma haka. Na kusurwa na kira shi rumbu, mai tsinin kai na kira shi mai hula, ƙananan kuma sojoji. Duk darussan na mai farare ne, kuma duk a kan yadda ake buɗe wasa. Ka fito da doki, ka tura soja gida ɗaya, mai hula ya shiga bayansa, sannan sarki ya tsallaka kusurwa kusa da rumbu ya ɓuya. Daga nan hanya ta rabu kashi-kashi, ya danganta da abin da abokin wasa ya yi, kuma duk na haddace. Akwai rubutu a gefen allon da ya yi mini kama da namu amma a juye. Na ɗauka a ƙasarsu haka ake rubutu, tunda Larabci ma daga dama yake farawa.

Ban taɓa wasa da mutum ba. Ni ce fari, ni ce baƙi.

Kwana tara kafin tafiyar su Goggo, rediyon mai shayin da ke kusa da mu ya yi sanarwa da Fillanci. Wata makarantar kwana ta 'yan mata tana neman mace da za ta riƙa koya wa ɗalibai eshek, ta kuma taimaka wa mai kula da ɗakin kwana, da ɗaki da abinci. Ba takardar makaranta za a duba ba, gasa za a yi Asabar da Lahadi a gidan matasa, wadda ta zo ta ɗaya ita za a ɗauka. Wuƙa na hannuna na tsaya har Goggo ta tambaye ni ko na yanke ne.

Mu huɗu muka zo, kowace za ta kara da kowace. Maza sun fi ashirin, 'yan kulob ɗin eshek, sun zo kallo. Alƙalin wasan wani dogon mutum ne mai suna Mesiye Olivier, ɗan ƙauyukan duwatsu ne daga wajen Mayo-Oulo, yana jin Hausa sosai. Ya tambaye ni wa ya koya mini, na nuna masa aljihun da wayata take.

Wasan farko aka ba ni farare, da wata ma'aikaciyar asibiti mai suna Jocelyne. Ban taɓa riƙe ƙwayoyin katako ba, suna da nauyi, da ƙyalle a gindinsu. Ina dubawa na ga an yi kuskure wajen jerawa, an sa sarki a dama, sarauniya a hagu. Na ji daɗi ma, na ce a raina ga abin da na sani su ba su lura ba. Na sa hannu na musanya su.

Jocelyne ta dube ni, ta ɗaga hannu ta kira alƙali. Ya zo ya mayar da su. Na tattaro duk ƙarfin da nake da shi na ce masa a hankali, "Mesiye, sarki a hagu yake zama."

Wani daga baya ya ce da Hausa, "A garinku ko?" Sai ɗakin ya ɗauka da dariya. Wani ya ƙara da cewa a bar ta, wataƙila sarkin nasu bahago ne. Mesiye Olivier ya tsawatar musu, ya danna agogo, aka fara.

Idona yana ganin sarki a dama, amma hannuna bai yarda ba. Na fito da dokin hagu, na tura sojan hagu, mai hula ya shiga bayansa, na kai hannu in tsallaka da sarki, sai ga sarauniya a tsakanin yatsuna. Na sake ta da sauri. Jocelyne ta ce wani abu da Faransanci, alƙali ya bayyana mini cewa abin da ka taɓa shi za ka matsa. Ban san wannan dokar ba, a kan kwali babu mai hana ni. Daga nan komai ya watse. Duk abin da na haddace yana nan a kaina, amma ba ya zama a kan allon, kamar takalmin dama a ƙafar hagu. Ba a yi minti ashirin ba ta cinye sarauniyata, sannan ta gama da ni.

Na fita na zauna ƙarƙashin dalbejiya a bayan ginin, inda ake ajiye babura. Zafin Afrilu ne. Da ina da ƙarfin ratsa ƙofar gaba inda mazan suke tsaye, da na tafi. A nan Mesiye Olivier ya same ni. Ya ce in nuna masa malamin nawa. Ya kalli minti ɗaya, ya ambaci sunan Baturen, ya ce ai wannan yana cikin manyan gwanayen duniya, mutane kuɗi suke biya su ji darasinsa. Sannan ya kawo wayar kusa da idonsa.

"'Yata, wannan bidiyon a juye yake. Dubi rubutun."

Ya ce masu satar bidiyo su sake sakawa a intanet sukan juya hoton, dama ta koma hagu, don kada masu shi su gane. Ya tambaye ni tun yaushe nake kallo. Da na faɗa masa, ya cire gilashinsa ya goge. Na so ya yi dariya kamar sauran, da ya fi mini sauƙi. Shekara ɗaya da rabi, kullum bayan na gama wanke-wanke, ina koyon wasan da babu mai yin sa a duniya sai ni.

Ya ce wasa na biyu ƙarfe biyu, in na ga dama.

Na koma ne don ban san inda zan je ba. Wata ɗalibar sakandare aka haɗa ni da ita, aka ba ni baƙaƙe. Na zauna kaina a sunkuye. Da na ɗago, sai na ga sarkina a hagu, daidai inda na san shi. Ashe mai baƙaƙe a hagu nasa yake zama. Ta fara, na fito da dokin hagu. Na tura soja, mai hula ya shiga, sarki ya tsallaka kusurwa, hannuna bai yi gardama ko sau ɗaya ba. Ina bayanta da taku ɗaya, amma gidan nawa ne, na san kowane lungu. A taku na goma sha biyu ta tura soja inda malamina ya taɓa jan kibiya ja yana girgiza kai. Na ɗauke mata doki. Bayan rabin sa'a ta miƙo mini hannu. Wanda ya yi mini ba'a da garinmu yana tsaye a kanmu yana kallo.

Saura wasa ɗaya, Lahadi ƙarfe tara, da wata mai suna Rosine wadda ta ci wasanninta biyu duka. In na ci ta, da sauran magana. In ban ci ba, shi ke nan. Na duba takardar da aka manna a bango, na ga an rubuta ni da farare. Na roƙi Mesiye Olivier ya ba ni baƙaƙe, ya ce ba shi da wannan ikon.

Na isa gida bayan la'asar, na tarar Goggo tana ɗaure kwanuka a buhu. Ta ce an dace, maƙwabcinmu mai motar albasa zai tafi Bibémi gobe ƙarfe bakwai, ya yarda ya tafi da ni da akwatina. Na ba ta labarin gasar, karo na farko. Ta saurara har ƙarshe tana riƙe da igiya.

"To in ba ki ci ba fa? Talata zan miƙa makullin ɗakin nan. A ina za ki kwana?"

Ta ce ita ba za ta iya kallon idon yayanta ta ce ta bar masa 'ya a titin Garuwa saboda marafan kwalba ba. Ba da faɗa ta yi maganar ba, kuma gaskiya ta faɗa.

Madubinta yana jingine da bango, an cire shi daga ƙusa za a naɗe a zane. Na ɗauka na fita tsakar gida, na juya fuskar wayar gare shi, na kunna darasi na farko. A cikin madubin rubutun ya miƙe, har na iya karanta a, b, c. Sarki ya koma dama. Na jera marafaina yadda ya nuna, na fara daga farko. Sau goma ina gwadawa, sau shida hannuna yana zarcewa hagu. Na zauna a kan hannun dama, na koma matsawa da na hagu wanda bai saba da komai ba, sai abin ya ɗan yi sauƙi. Darasi uku na samu kafin a kira magariba, cajin ya ƙare, unguwar kuma babu wuta. Uku cikin goma sha huɗu.

Da safe motar albasa ta tsaya a ƙofar gida tana hon. Na fitar da akwatina, na roƙi direban ya kai wa babana, ya ce masa ina nan tafe ko da labari ko da kaina. Goggo tana tsaye a bakin ƙofa, ta ce mini ba ni da hankali, sannan ta koma ciki ta ƙunso mini kifi biyu. Babu kuɗin hawa babur, don haka na kama hanya da ƙafa. Na isa gidan matasa ba a buɗe ba tukuna, na zauna a kan dakalin ƙofa, na zana allo a ƙasa da tsinke, na sa dutse babba a dama.