Shayin Pang Mai Awara

Shekara bakwai Pang Dehai mai awara yana zuwa lambun bakin kogin Luo kowace safiya, yana koyon taiji, wato wasan motsa jiki da kare kai, a wurin Malama Qiao. Sau uku yana durƙusawa ya miƙa mata shayi da hannu biyu, sau uku tana ajiye kofin a gefe ba ta kurɓa ba. Kowa ya sani, ranar da malami ya sha shayinka ka zama ɗalibin cikin gida, sunanka ya shiga jerin magada. In bai sha ba kuwa, ko shekara ashirin ka yi ɗan kallo ne kai. Ga shi gobe 'yarta za ta tafi da ita birnin Chengdu gaba ɗaya, don shekarunta saba'in da tara. Abin ya tsaya wa Pang a rai, har abinci ya daina yi masa daɗi.

Ƙato ne, tsohon ɗan kokawa, wuya kamar turmi. A farkon zuwansa, in aka haɗa shi turin hannu da wani, wato a jingina hannu da hannu kowa na neman tumɓuke ɗan'uwansa daga inda ya tsaya, sai dai ka ga ya kwashe mutum ya watsar. Malama ta ce masa “yang”, wato ƙarfi, ya yi masa yawa, ya je ya nemo “yin”, wato laushi. To, mutumin naka ya ɗauki maganar ya wuce gona da iri. Ya yi laushi tuɓus. Tsoho Ge mai gyaran keke kullum sai ya tsokane shi, wai Pang ya fi awararsa taushi, suya kawai ta rage masa. Shi kuwa sai washe baki, a zatonsa yabo ne.

Ranar ƙarshe ya zo da butar shayinsa. Malama ko kallon butar ba ta yi ba, ta miƙo masa hannu. Suka haɗa, suka fara kewayawa. Tsohuwar ba ta kai masa kafaɗa ba, hannun nan duk jijiya. Kamar kullum ya janye ƙarfinsa yana bin ta a hankali, don tsoronsa ɗaya a duniya kada a ce shi ya karya ta.

Ta tsaya cak. “Kai Pang, wa ya gaya maka na mutu?”

Ya shiga kame-kame, wai laushin da ta koya masa yake bi.

“Ƙarya kake, tausayina kake ji,” in ji ta. “Shekara da shekaru ina miƙa hannu ina taɓa iska. Me zan juya, tunda ba ka taɓa ba ni komai ba? Awarar taka ma, ba sai ka ɗora mata dutse take kama jikinta ba? Turo ni.”

Kunya ta rufe shi, don gaskiya ta faɗa. Ya kafa ƙafa, ya tattaro ƙarfin da ya daɗe yana ɓoyewa, ya tura da gaske.

Kai, tsohuwar nan ta iya! Ba ta tare shi ba, ba ta kuma gudu ba. Ta karɓi turin ta bar shi ya shigo, ta ɗan murɗa ƙugu, tafinta na manne da gwiwar hannunsa, sai ga ƙarfinsa ya dawo masa ta gefe. Bai ankara ba ya ji shi rigingine cikin shukoki, takalminsa ɗaya a can. Tsoho Ge ya yi dariya har da tari. Pang ya kwanta yana kallon sama, daɗi ya cika shi, don bai taɓa jin abu mai taushi da ƙarfi haka a lokaci ɗaya ba.

Da ya miƙe ya tarar ta zauna a benci tana haki. Ta yi masa nuni da butar. Ya zuba, ya durƙusa, ya miƙa da hannu biyu. Ta kai hannu ta karɓa, amma hannun sai rawa yake, shayin na zuba a cinyarta. Ta dubi hannun ta yi murmushi.

“Wannan jifan shi kaɗai ya rage a jikina,” ta ce. “Kai na ajiye wa.”

Hawaye ya zubo wa ƙaton. Ya tallafe kofin daga ƙasa, ya kai mata baki a hankali, ta shanye shi tas.